Darakta Ya Ce

Motar albasa ce ta sauke ni a Ankara, babban birnin Gana, kuma na rantse har yau idan na yi gumi ƙamshin miya nake yi. Sunana Lawali, daga Tasawa, shekarata goma sha bakwai a lokacin. Ban zo da komai ba sai riga biyu, da 'yar waya mai madannai wadda sai an mare ta take kamawa, da katina na ɗan ƙasa, wanda mahaifiyata ta ɗinke mini a cikin wando. Ta ce ko wandon zai ɓace, in tabbata ina cikinsa. A hanya na gane dalilinta. Duk shingen da muka tsaya, wanda ba shi da kati sauke shi ake yi, mota ta wuce ta bar shi yana kallon bayanta. Ni dai direba yakan ce yaron motarsa ne, don haka ban kai ga farke ɗinkin ba.

Direban ya kai ni unguwar Nima, ya damƙa ni a hannun wani Massa Fuseini, mai kula da siton wani kamfani da ke sayar da yaji da garin koko da ƙuliƙuli a leda mai tambari. Kamfanin kamar aljani yake, ba ka ganinsa a wuri ɗaya. 'Yan mata biyu masu karɓar oda suna gidajensu da kwamfuta, sai ranar Laraba suke leƙowa. Matan da ke daka da suya suna gidajensu a unguwar Mamobi. Masu babur suna kan titi. Mu masu ɗaure kaya ne kawai a sito. Mai kamfanin kuwa, wanda kowa ke kira Darakta, a cikin wayar Massa Fuseini yake zaune.

Abin da ya fara ba ni dariya a Zango, wato unguwannin masu jin Hausa irin su Nima, shi ne Hausarsu. A makon farko wani mai babur ya shigo yana washe baki ya ce, "Matata ya haihu, ya samu mace, shi ma yana lafiya." Na tambaye shi a cikinsu ukun wane ne ya haihu. Daga nan na gane a Nima kowa "ya" ne. Uwa ya, amarya ya, akuya mai ciki ya. Na yi ta kwaikwayonsu har suka gaji suka sa mini suna Abochi Mai Nahawu, abochi kuwa shi ne yadda suke kiran baƙo irina. Da na san abin da wannan "ya" zai yi mini, da na rage dariya.

Ranar da na fara aiki Massa Fuseini ya miƙo hannu ya ce Darakta ya ce duk baƙo a riƙe katinsa. Na shiga bayan buhuna na farke ɗinkin mahaifiyata da haƙori na ba shi. Daga nan sai "Darakta ya ce" ya zama abincinmu. Darakta ya ce in riƙa kwana a sito saboda ɓarayi. Darakta ya ce babu hutun Lahadi sai bayan Sallah. Darakta ya ce a daina dariya lokacin aiki, wannan kam na san ni ake nufi. Ban taɓa jin muryarsa ba, domin idan zai yi magana Massa Fuseini kan toshe kunnuwansa da 'yan igiyoyin waya ne, mu dai sai mu ga yana gyaɗa kai.

Tun da ban gan shi ba, sai na ƙera shi da kaina. Na yi shi ƙaton Alhaji, mai tumbin da sai ya fara shiga mota ya zauna kafin mai shi ya iso. Idan Massa Fuseini ya fita, sai in cusa buhu a riga, in ɗaura leda a kai a madadin hula, in riƙa tafiya kamar agwagwa ina cewa, "Darakta ya ce daga yau numfashi sau biyu a rana." Har Mma Adiza, tsohuwar da ke kawo ƙuliƙuli daga Mamobi, takan zauna ta yi dariya har hawaye. Takan ce, "Kai yaron nan, ran da Darakta ya gan ka, ka mutu." Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa dariyarta ta fi ta kowa ba.

A siton akwai kusurwa ɗaya da muke kira Dubai. Nan ne aka shafa fenti, aka kafa kanta mai kyau, aka jera ledoji kamar sojoji. Kowace Juma'a da safe, idan za a yi taron kamfani ta waya, Massa Fuseini sai ya tsaya a Dubai, ya juya wa kantar baya, ya ɗaga waya ya ce, "Komai fain, Darakta." Masu manyan wayoyi suna shiga taron daga gidajensu. Mu kuwa umarninmu shi ne mu yi shiru, kada ma a yi tari.

Sauran siton ba Dubai ba ne. Bangon baya yana jingine da babbar kwatar Nima, kullum a jiƙe yake kamar hancin kare. Tagar da ke jikinsa ba ta da murfi, kwali ne aka toshe ta da shi. A gindin wannan bango nake shimfiɗa tabarmata, tsakanin buhunan barkono. Na yi atishawar da in da ana sayar da ita da na gina gida a Tasawa. Daga baya atishawar ta koma tari, irin wanda ke tashe ka ka zauna kana neman iska. Na gaya wa Massa Fuseini maganar bangon, Mma Adiza ma ta gaya masa, masu babur ma. Amsarsa ɗaya ce, Darakta yana da abin da ya dame shi, ba a kai masa ƙananan maganganu.

Idan na kira gida sai in ce a ofis nake aiki, har da fanka. Mahaifiyata ta ce to me ya sa muryata ta dishe. Na ce sanyin fankar ne. Bayan na kashe waya sai in zauna ina tunanin furar gidanmu, da yadda ƙanwata ke satar mini ƙosai. Mma Adiza ce ta lura ba na cin kirki. Ta fara zuwa mini da koko mai zafi a leda, wata rana da abin da suke kira waace, wanda na buɗe na ga shinkafa da wake ne kawai suka yi tafiya mai nisa suka dawo da sabon suna. Ba ta taɓa cewa ta tausaya mini ba. Takan ajiye ne ta ce, "Ci, kada ka mutu a kan ƙuliƙulina."

Sai ruwa ya zo. Da rana aka fara shi, bayan azahar, irin ruwan Ankara da ba ya sallama. Kafin la'asar kwata ta cika ta batse. Ruwan bai tsaya neman taga ba, ta cikin bango ya ɓullo, ta ƙasa ma ya ɓullo, baƙi ƙirin, ɗauke da ledoji da takalmin wani da ban san shi ba. Ni da wani yaro abokin aikina muka riƙa ɗaukar buhuna a ka muna ɗorawa a kan tebur, har teburin ya karye. Barkono ya jiƙe ya bi ruwa, ƙafafuna suka ɗauki zafi kamar an sa su a tukunya. Garin koko ya zama koko da kansa. Abin da ya tsira kawai Dubai ce, don kantarta a sama take.

Washegari Massa Fuseini ya zo ya tsaya a ƙofa yana kallon ɓarnar. Ya taka a hankali ya shiga Dubai, ya toshe kunnuwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Da ya fito bai kalle ni ba. Ya ce Darakta ya ji ni na bar taga a buɗe, kuma Darakta ya ce za a kira 'yan sanda a miƙa musu ni da katina.

Na ce tagar da ba ta da murfi ta yaya ake barinta a buɗe. Ya ce in gaya wa 'yan sanda haka. Na durƙusa a cikin taɓo na roƙe shi ya ba ni wayar in yi magana da Darakta ko sau ɗaya. Ya ce Darakta ba ya magana da yara. Na ce to ya ba ni katina in koma gida, ba na son komai. Ya sa wayar a aljihu ya fita.

A nan dariya ta ƙare mini. Ba ni da kowa a ƙasar nan. Idan na gudu, shingen farko za a sauke ni. Idan na tsaya, ɗakin 'yan sanda, kuma wa zai gaya wa mahaifiyata inda nake? Na zauna a kan buhun da ya jiƙe ina kuka ina tari, ban san wanne ya fi yawa ba.

Haka Mma Adiza ta same ni. Ta ji labari, ta yi tsaki mai tsawo. Ta ce ita ba ta da lambar Darakta, komai ta hannun Fuseini yake bi, amma ta san gidan. "A hannuna ya girma," in ji ta. "Ba ya da mugunta. Je ka same shi ido da ido." Ta kwatanta mini wani gida a unguwar Madina bayan kasuwa, ta kunce bakin zaninta ta ba ni kuɗin mota.

Na shiga trotro, wato ƙaramar bas ɗinsu da ake cusa mutane kamar ana ɗura gero a buhu. Duk ɗan sandan da na hango a titi sai in nutse a kujera, har matar da ke gefena ta tambaya ko ciwon ciki nake yi. A Madina na yi ta zagaye. Kasuwar nan idan ka shiga da gemu baƙi, da fari za ka fito. Da ƙyar na sami gidan. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya dube ni daga ƙafa zuwa kai, ya ce Darakta ba ya nan tun bara, ya koma Malam wurin mamanshi da ba ya da lafiya. Na tambaya Malam wane. Ya ce ba mutum ba ne, unguwa ce, can hanyar yamma. Ya kwatanta mini gida mai shuɗiyar ƙofa kusa da mahaɗar tituna, ya rufe tasa.

Kuɗin Mma Adiza a wata tasha da ake kira Lapas suka ƙare. Yaron mota ya sauke ni, ya bi ni da wata magana cikin yarensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce. Daga nan na kama ƙafa, a gefen babban titi, rana tana dukana, ƙafafun da barkono ya dafa suna ƙuna. Wata yarinya mai tallar ruwan leda ta ga na tsaya ina kallon tirenta kamar maraya. Ba mu jin yaren juna. Ta ciro ɗaya ta miƙo mini ta wuce, ko waiwaye ba ta yi ba. Ina tafe ina shirya abin da zan gaya wa Alhaji. Na yanke shawarar zan kama ƙafarsa, in dai tumbin ya bar ni na kai gare ta.

Na isa Malam na sami shuɗiyar ƙofa a buɗe. A tsakar gida wata mata ce, siririya, da tsohon zani da silifas, tana shanya zannuwan gado, waya a soke a ɗankwalinta. Na yi sallama na ce, "Inna, don Allah Alhaji Darakta yana nan?"

Ta tsaya da zani a hannu ta kalle ni. Ta ce, "Alhaji ba ya nan. Daga ina?"

Da na ce daga siton Nima, sai ta nuna mini benci. Ta shiga ta fito da tuwo da miyar ayoyo, ta ce in ci tukuna. Ina ci wata tsohuwar murya ta kira daga ɗaki, "Zuwera," ta tashi da sauri, na ji tana lallashi tana gyara wa mai jinya kwanciya. Na ce a raina, ka ga mugu, ya bar matarsa da jinyar uwarsa shi yana can yana kiwon tumbi.

Da ta dawo ta ce in faɗa mata abin da ya kawo ni, za ta isar. Ni kuwa cikina ya ɗauka, bakina ya buɗe. Na ba ta labarin kati, da kwana a sito, da Lahadin da aka hana mu. Na ba ta labarin Dubai, har na tashi na nuna mata yadda Massa Fuseini ke tsayawa yana cewa komai fain. Na ce ruwan ya kai mini wuya, alhali gwiwa ya kai, na ce na ga kifi yana atishawa. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni tun yaushe bangon ke jiƙewa, na ce na same shi a haka. Ta tambayi tarin da nake yi, na ce kyautar kamfani ce.

Sannan na matso na rage murya na ce, "Inna, ke matarsa ce? Allah ya ba ki haƙuri. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa zuwa ya ga inda ake nema masa abinci ba. Da me yake aiki, da tumbi?"

Ta ce, "Tumbi gare shi?"

Na ce ai sai an buɗe ƙofa biyu yake wucewa.

Ta miƙe tsaye. Sai ta kira wata maƙwabciya ta zauna da tsohuwar, ta yafa mayafi, ta ce in tashi mu je. Na ce ina. Ta ce Nima. Na ce Inna, 'yan sanda fa. Ta ce idan sun zo su kama mu tare.

Muka shiga tasi. Ni kuma ina ta tunanin ko matar Darakta tana da ikon karɓo kati. Muka isa lungun sito rana ta yi sanyi. Mma Adiza tana ƙofa da wasu mata biyu suna kwashe taɓo. Massa Fuseini yana tsaye yana danna waya. Ya ɗago kai, sai wayar ta suɓuce ta faɗa cikin taɓo, bai ko sunkuya ba.

Ya ce, "Darakta. Ka zo?"

Na juya ina neman Alhaji a bayanmu. Babu kowa sai mai tasi yana juya mota. Na sake juyowa na ga Mma Adiza ta rungume matar tana cewa, "Zuwera, ka rame." Ta kallo ni ta saman kafaɗarta, idonta cike da irin dariyar nan da take yi idan na cusa buhu a riga.

Ni Abochi Mai Nahawu, wanda ya yi wata da watanni yana yi wa mutanen Nima dariyar "ya", ban taɓa tsayawa na tambayi wane irin "ya" ne wannan ba. Na nemi ƙasa ta tsage, amma ƙasar ma ruwa ne.

Darakta ba ta bi ta kaina ba. Ta cire silifas ta shiga sito. Taku kaɗan ta yi ta tsaya, ta ja iska ta hanci, ta yamutsa fuska. Ta ce wannan warin ba na jiya ba ne. Ta je bangon baya ta shafa, ta duba koren gansakukar da ta hau shi har ƙugu, ta sa yatsa ta taɓa kwalin taga ya faɗo. Ta ga tabarmata a naɗe a kan buhu, ta tambaya ta wace ce, aka nuna ni. Daga nan ta ce wa Massa Fuseini ya nuna mata inda yake tsayawa ranar Juma'a. Ya kai ta Dubai. Ta tsaya daidai wurin, ta kalli kantar da ledojinta a jere. Sai ta juya a hankali ta kalli sauran ɗakin.

Massa Fuseini ya fara bayani. Ya ce ya ga tana fama da jinya, bai so ya ƙara mata. Ya ce sau ɗaya ya fara maganar bango, ta ce a bari sai ta zo, kuma ba ta zo ba. Da abin ya lalace sai tsoro ya kama shi. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce wannan maganar gaskiya ce, ta tuna, kuma nata laifin ta ɗauka. Kullum tana tambaya ko lafiya, ana ce mata lafiya, ita kuma tana jin daɗin amsar don ba ta son wata.

"Amma kati," in ji ta. "Yaushe na ce a riƙe katin mutum? Yaushe na ce yaro ya kwana cikin barkono? Yaushe na ce 'yan sanda?"

Ya ce yara baƙi suna gudu ne idan ba a riƙe musu wani abu ba. Ta miƙa hannu kawai. Ya ciro walat ɗinsa, ya zaro katina daga bayan hoton 'ya'yansa. Ashe duk watannin nan a kan katina yake zama.

Ta riƙe katin ta karanta sunana. Na miƙa hannu biyu. Sai ta janye shi.

"Lawali," ta ce, "yi mini Darakta tukuna."

Na ce Inna, Hajiya, ranki ya daɗe, ai wasa ne. Ta ce ta sani, shi take son gani. Mma Adiza da kanta ta miƙo mini buhu. Haka na cusa shi a riga, a gaban mai kamfani, da ƙafafu masu ƙuna da hawayen da bai gama bushewa ba, na yi tafiyar agwagwa a cikin taɓo na ce, "Darakta ya ce daga yau numfashi sau biyu a rana." Ta yi dariya har barkono ya shaƙe ta, ta koma tari irin nawa, sai da aka kawo mata ruwa. Da ta samu numfashi ta sa mini katin a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kansa.

A daren nan a Mamobi na kwana, a zauren Mma Adiza, ita ce kuma ta sake ɗinke mini katin a wando, da zare mai kaurin da ko haƙorin kura ba zai farke ba. Ban koma Tasawa ba. An rushe bangon baya an sake ginawa. Massa Fuseini yana nan, an dai raba shi da riƙe mana komai, kuma ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. 'Yan matan oda har yanzu a gida suke aiki, taron Juma'a ma ta waya ake yi. Tsohuwar tana nan kwance a Malam. Amma kowace Talata Darakta tana barin maƙwabciya a wurinta ta zo, ta ja benci ta zauna a gindin sabon bangon, ta ɗaure leda tare da mu, kowa ya zo ya faɗi nasa. Wani lokaci ba abin da ake faɗa ma, tana dai zaune tana shaƙar abin da muke shaƙa.

Har yau Massa Fuseini yakan manta ya ce mini Darakta ya ce kaza. Ni kuma sai in ci gaba da ɗaure ledata in ce, "To, Massa. Bari ta zo Talata in ji."